Takanɗar da Ta Auna Hannun Nomau

Kai, ku tsaya! Wa ya ce ku sa karan nan cikin shara? Ku mayar mini da shi saman kanta inda kuka same shi, tare da ɗan katin da ke ɗaure a wuyansa. Wato daga zuwanku koyon aiki, ko benci ba ku ɗumama ba, har kun fara raba abin da ke fayil da abin da ke bola. Karan nan da kuke gani fayil ne. Ya girmi kwamfutar da kuke taƙama da ita, kuma bai taɓa ce mini babu wuta ba.

Na ji ku ɗazu kuna cewa aikin ɗakin kati ba aiki ba ne. Wai likita ya rubuta cuta, kai ka nemo lambarta ka danna, sai ka miƙe ƙafa ka jira a tashi. To madalla da ilimi. Ku ja benci ku zauna. Ni ne Shu'aibun da ake kira Mai-Lamba daga nan Ƙaura har Shinkafi da Zurmi, kuma ban samo sunan a zaune ba.

Ranar da na fara aiki, wanda ya koya mini, Malam Bawa, Allah Ya jiƙansa, ya dire mini littattafan lambobi guda uku a kan tebur, kowanne ya isa a yi matashin kai da shi. Ya ba ni jan biro da shuɗi, da tsumman kakkaɓe ƙura, da takalmin roba ƙafa ɗaya na kashe kyankyaso. Ya ce kayan aikin ke nan. Sannan ya ce kowace cuta a duniya tana da lambarta, daga zazzaɓi har harbin jaki, kuma lambar ita ke tafiya Gusau, ba majinyacin ba. Can babu wanda ya san fuskar kowa. In ka rubuta lambar ƙafa a kan mai ciwon kunne, to a wurinsu gurgu ne har ya koma ga Allah.

Abin da ya fi damun Malam Bawa a duniya shi ne dama da hagu. Ba ya yarda in rubuta lambar hannu ko ƙafa ko ido daga takardar likita kawai. Sai na tashi na je na ga mutumin. Kuma ba a gabansa zan tsaya ba, don in kana fuskantar mutum, damarsa tana hagunka, kuma nan ne shaiɗan yake shiga biro. Sai dai in tsaya a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, mu fuskanci wuri ɗaya, in ɗaga hannuna na ɓangaren da abin ya shafa. Akwai wani tsoho daga Katuru da na jera da shi haka, na ɗaga hannu, sai kawai ya ɗauka salla za a tayar, ya fara gyara sahu yana kiran sauran majinyata su matso. Malam Bawa ya yi dariya har hularsa ta faɗi, amma bai sauya dokar ba. Ni ma ban sauya ba, kuma ku ma haka za ku yi ko kuna so ko ba ku so.

Mutanenmu kuwa kowa da yadda ya ɗauki lambar. Wata tsohuwa ta wanke tata a ƙoƙo ta shanye, ta dawo a sake rubuta mata don ta ji sauƙi. Wani ya zo da ƙorafi cewa maƙwabcinsa ya fi shi yawan lamba, alhali shi ya fi jin jiki. Duk wannan wasa ne. Wanda ya sa na san nauyin aikin shi ne mai karan nan, Nomau.

Nomau manomi ne daga wani ƙauye a bayan Moriki. Da kaka aka kawo injin sussukar gero garinsu. Ya tsaya yana tura zangarniya da babbar riga a jikinsa, bel ɗin injin ya kama hannun rigar, ya ja da hannun mutum. Kafin a kashe injin aikin gama ya gama. Aka kawo shi nan, likita ya yanke hannun dama a ƙasa da gwiwa. Na je na jera da shi a bakin gado, na ɗaga damata, na dawo na ba shi lambar sabon rauni.

Wanda ya kawo shi, ya yi jinyarsa, shi ne taubashinsa Labbo. Kun san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, wasa ba ya ƙarewa sai a bakin kabari. Su biyun nan furfura ta fara fito musu, amma in ka ji su sai ka ce yara ne a bakin rafi. Nomau yana kwance ana ƙara masa ruwa, Labbo yana gefensa yana shanye furar da 'yan dubiya suka kawo, yana cewa, "Kai dai kwanta ka huta, ni ka taya ka ci." Nomau kuma ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Allah shi isam min, kura."

Da dungun ya warke, Nomau ya dawo a duba shi. A nan ne lamba take sauyawa, kuma ku buɗe kunne. Lambar rauni ta mai ciwo ce. In ya warke, sai ka koma can ƙarshen littafi, inda aka tara abubuwan da ba cuta ba ne, amma mutum yana rayuwa da su. A nan za ka samu rashin hannun da ya faru daga baya. Wanda aka haifa babu hannu, tasa lambar daban ce, a wani babin. Sannan ka tantance dama ko hagu, sama da gwiwa ko ƙasa da ita, don mai haɗa hannun roba da wannan zai yi aiki.

Na rubuta, na yi wa Nomau bayani. Ya dube ni ya ce, "To malam, yanzu ni mi ni ke? Majinyaci ko mai lahiya?"

Na ce, "Littafi ya ce ka warke."

Ya ce, "Littahin shina cin tuwo?"

Na yi dariya, na ɗauka raha ce. Ashe maganar duka tana nan.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekara. Ba sai na tsaya ba ku labari ba, kuna da wayo lokacin. Hanya ta lalace da 'yan bindiga, aka rufe kasuwanni, layin waya ya ɗauke. Mutanen ƙauye suka daina zuwa asibiti sai wanda abin ya kai masa wuya. Kati ya yi ta tara ƙura, ni da kyankyasai muka yi ta kallon juna. Wata rana da hantsi sai ga Labbo a tagar ɗakin nan, ya yi futu-futu, kuma abin da ya ba ni tsoro, bai yi mini wasa ko ɗaya ba.

Ya ce matar Nomau, Hajo, ce ta aiko shi. Wai tun da Nomau ya koma gida bai sake zama a ciyayya ba. Ku 'yan birni ne, bari in faɗa muku. A ƙauye magidantan unguwa kowa yakan fito da akushinsa ƙofar gida, a haɗa a ci tare. A nan ake jin wa ya haihu, wa zai yi gayya, jakin wa ya shiga gonar wa. Wanda ba ya zama a ciyayya kamar ba ya garin ne. Nomau tun yana saurayi yake cin tuwo da mutanen nan. Yanzu hannun da ya rage masa hagu ne, hannun tsarki, kuma ya rantse ba zai tsoma shi cikin akushin jama'a ba. Liman ya je har gida ya ce masa lalura ce, addini ya yafe. Abokan suka ce su ba su damu ba. Nomau ya ce shi ya damu. Sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya taɓa loma biyu ya ture. Daga baya ma sai kunu. Ya daina fita, ya daina gaisawa da kowa, don ba zai miƙa wa mutum hagu ba.

Labbo ya ce, "Malam, mutumen ga ƙarewa shi kai. Jiya na ce mishi ƙwarangwal, bai ko rama ba."

Wannan ce ta tayar mini da hankali. Taubashin da aka zaga bai rama ba, ai sai a fara neman likita.

Lokacin akwai wani Oga Mande da yakan zo daga Gusau jefi-jefi, yana haɗa hannu da ƙafa na roba masu maɗaurin fata, wata ƙungiya tana ɗaukar nauyin aikin. Abin da yake bukata daga wurina lamba ce, daga wurin mai hannun kuma awo. A ƙa'ida mutum yakan zo da kansa a auna shi. Amma Nomau ya ce ba inda za shi, Hajo kuma ta ce ko ya yarda ita ba ta yarda ba, don in aka ce a ruga a hanya, mai hannu ɗaya a bayan babur da me zai riƙe? Oga Mande kuma ya ce shi ko da kuɗi ba zai wuce Ƙaura ba. A ƙarshe ya ce tunda shekarar ta zo da haka, a aiko masa da awo biyu, tsawon lafiyayyen hannun daga gwiwa zuwa kan yatsa, da kaurin dungun.

Na ce wa Labbo ko akwai mai tef ɗin awo a garinsu? Ya ce telansu ya yi gudun hijira da tef ɗinsa a wuya. Amma ya ce kada in damu, ai su ba yau suka fara aika awo ba. In za a ɗinka wa yaro rigar salla a Shinkafi, kara ake yankewa daidai tsawonsa a ba mai zuwa kasuwa. In takalmi ne, haka. Har ƙofar ɗaki da kara suke aunawa. Na ce to, kara na tsawo, zare na kauri.

Ya tafi. Ban sa ran ganinsa da wuri ba, amma ba a daɗe ba sai ga shi ya sake ratso hanyar nan da kowa ke gudu. Ku riƙe wannan a ranku kafin ku ji abin da ya aikata, don kada ku yanke masa hukunci da yawa.

Ya ciro zare mai ƙulli biyu daga aljihu, ya zaro kara daga cikin riga ya ajiye mini a tebur. Na ɗauki karan na ɗora a hannuna daga gwiwa. Ko wuyan hannuna bai gama kaiwa ba.

Na ce, "Labbo, wannan ne hannun Nomau?"

Ya ce, "Shi ne."

Na ce, "Haka ya ba ka shi?"

Ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya ce, "Haka yab ba ni shi, sai ɗan abin da hanya tac ci."

Shekarar nan hanya tana cin komai, don haka ban kawo komai a raina ba, na ɗauka gefen ne ya ɗan goge. Bakin karan kuma a yanke yake sumul da wuƙa. Na yi ƙoƙarin tuno tsawon hannun Nomau, amma ni a kwance na san shi, ko a zaune cikin babbar riga. Babu waya balle in tambaya. Na rubuta lambarsa a ɗan kati, na ɗaure a wuyan karan, na ajiye shi a kanta tsakanin katunan Zurmi, ina jiran Oga Mande.

Washegari na buɗe ɗakin nan na tarar da tururuwa ta yi layi tun daga bakin ƙofa, ta haye kanta, ta ratsa katunan Shinkafi gaba ɗaya. Na yi ta faɗa, na ce masinja ne yake ɓoye sukarin shayinsa a cikin fayil. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa. Na share, suka dawo. Na zuba toka, suka zagaye. Na zuba kananzir, ɗakin ya yi ta wari har likita ya aiko a tambaya ko mun fara sayar da mai ne. Duk wannan bai sa na tsaya na tambayi kaina me tururuwa take nema a jikin karan dawa ba.

Da Oga Mande ya zo, ya karanta katin, dama, ƙasa da gwiwa, ya ce daidai. Ya warware zaren, ya ce ƙato ne. Ya ɗauki karan, ya juya shi, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Shu'aibu, kauri na magidanci, tsawo na ɗan firamare. Wane irin mutum ne wannan?"

Na ce, "Manomi ne."

Ya ce, "To, Allah Ya yi bayinSa iri-iri." Ya auna karan da tef ɗinsa, ya bar mini shi, ya tafi.

Da hannun ya iso, hanya ta ɗan yi sauƙi. Na buɗe kwalin na gani. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya, launin fata daidai, yatsu a ɗan lanƙwashe, har da farce. Sai dai gajere ne ƙwarai, ga kauri, kamar taɓaryar da aka yanke. Oga Mande ya koya mini yadda ake ɗaura maɗaurin, ya ce sauran tsakanina da Allah. Da Labbo ya zo ɗauka, na ce tare za mu, don Malam Bawa bai koya mini in aika lamba inda ban je na gani ba. Labbo ya leƙa kwalin, ya rufe da sauri. Tun daga Ƙaura har muka wuce Moriki a kan babur bai ce uffan ba, mutumin da ko a jana'iza sai an harare shi.

Muka isa kafin azahar. Labari ya riga mu, gari ya taru a ƙofar gidan Nomau, har da masu hawa katanga. Aka yi ta sallama kafin ya fito. Wallahi da ƙyar na gane shi. Mutumin da na sani da wuya kamar na sa, ya koma rigar ce kawai take tafiya. Bai miƙa wa kowa hannu ba, ya dai ɗan rusuna ya zauna a bakin tabarma.

Na tsaya a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, na ɗaga damata don in tabbatar. Na naɗe masa hannun riga, na zura dungun a cikin robar, ya zauna daram. Na ja maɗauri na ɗaure. Sannan na saki hannun rigar.

Rigar ta haɗiye hannun gaba ɗaya. Ko farce ba a gani.

Nomau ya sake naɗe rigar, ya miƙa hannuwan biyu gaba ya jera su. Na hagu ya tafi can, na dama ya tsaya a rabin hanya yana kallon ɗan'uwansa. Wani a kan katanga ya ce, "Halan sai an riƙa ba shi ruwa shi girma?" Shi ke nan, wuri ya fashe. Mata a bayan zana suna dariya, tsofaffi suna toshe baki da rawani. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, sai da na ciji leɓe.

Nomau bai yi dariya ba. Ya dubi abin, ya dubi mutane, ya ce a hankali, "Malam, kwance abinka. Na gode da wahala." Ya yunƙura zai koma cikin gida. Na san in ya shiga ɗakin nan ya rufe ƙofa, ba zai sake fitowa ba sai an fito da shi. Dariyar ta mutu a bakina. Littattafan nan uku babu wanda ya zo mini da komai.

Sai Labbo ya miƙe tsaye a tsakiyar jama'a, ya cire hula.

"Jama'a, ku bar yi mishi dariya, ni za ku yi ma. Ni nac ci."

Liman ya ce, "Kac ci mi?"

"Awon. Nomau ya rasa karan da za a yanko mishi duk hwaɗin garin ga sai takanɗa mai zaƙin nan, wai ita ta hi miƙewa. Munka kai shingen bincike anka tsai da mu cikin rana, ba ruwa, ba hura. Ga abu cikin riga shina ƙamshi. Nic ce bari in ɗan taɓa gaɓa guda, ai hannun Nomau dama ya cika tsawo, ko a akushi shi ka riga kowa kai ga nama. Da nig gama sai nig ga bakin ya yi kaushi, nis sa wuƙa in daidaita. Wurin daidaitawa kuma wani guntu yaf fita. To a yar da shi? Almubazzaranci ne."

A nan ne tururuwar ɗakin kati ta faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata, Allah Ya ba masinja haƙuri.

Nomau ya tsaya cak. Ya juyo a hankali. Na ga wani abu ya dawo cikin idonsa wanda ban gani ba tun da ya fito.

"Labbo. Tun muna ɗiya kana cin rabona. Kac ci hurata a asibiti, nik ƙyale. Yanzu hannuna kac ci?"

"Gaɓa guda da 'yan kai."

"Kura! Ɗan kura! Jikan kura!"

Ya kai masa duka da sabon hannun. Hannun bai kai ba. Ya sake kaiwa, Labbo ko matsawa bai yi ba, ya dai tsaya yana kallon yatsun roba suna wucewa ta gaban hancinsa. Jama'a suka sake fashewa, amma wannan karon dariyar daban ce, kowa ya ji Nomau ya yi zagi. Wata tsohuwa a bayan zana har guɗa ta yi.

Haushi ya ƙara kama Nomau. Kun san yadda mutanenmu suke yi in za su yi rantsuwa mai ƙarfi, a lashi ɗan yatsa a ɗaga sama. Bai yi tunani ba, jikinsa ya yi abin da ya saba. Ya ce, "Wallahi Labbo," ya lanƙwasa gwiwar dama, sai ga yatsan roba ya sauka a kan leɓensa daidai, kamar an auna.

Ya tsaya da yatsa a baki. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya sake sauka a wurin. Rantsuwar ba a ƙarasa ta ba har yau.

Hajo tana leƙe ta ramin zana, kuma ita ta riga kowa ganewa. Sai ga hannunta ya fito ta saman zanar riƙe da koshiya, cokalin iccen nan mai faɗin baki, da tsinken robar tayar keke. Na karɓa, na soka ƙotar koshiyar tsakanin yatsun, na naɗe da roba tamau. Daga baya da na ba Oga Mande labari, ya ce ai da an yi hannun cikakke da an yi asara, don wuyan hannun roba ba ya lanƙwasa. In ka ƙara masa tsawon cokali, kunne zai riƙa ciyarwa.

Ba lokacin ciyayya ba ne, amma liman ya ce baƙo zai koma Ƙaura da rana, don haka kowa ya je ya fito da abin da ke gidansa. Aka yi azahar, aka jera akusa a gindin bishiyar bedi. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Aka zauna aka bar gurbi ɗaya tsakanin liman da Labbo, gurbin da aka ce mini ba wanda ya taɓa zama a cikinsa tun ranar injin.

Nomau ya daɗe a tsaye. Sannan ya zo ya zauna, ya yi bisimilla.

Lomar farko ta zame ta faɗa kan gwiwar liman. Liman ya ce ba komai, sadaka ce. Ta biyu ta kai haɓa ta dawo. Kowa ya sunkuyar da kai yana cin tuwonsa, wai ba a kallonsa, alhali duk idanu a karkace suke. Ta uku ya yanko ta da gefen koshiya, ya dulmiya a miya, ya ɗago a hankali, miyar tana zarara, ya kai baki. Ta shiga. Ya haɗiye.

Labbo ya juya baya yana share ido da hula, yana cewa Hajo ta cika yaji, alhali miyar ko barkono ɗaya babu. Ni ma dai yajin ya ɗan same ni.

Kafin a kai rabin akushi, magana ta sauya. Koshiyar Hajo ta fi loma biyu ta mutum, kuma robar ba ta jin zafin tuwo, ba ta jiran ya huce. Mutumin da ya yi kusan shekara yana shan kunu ya samu hanya. Wani dattijo ya ce, "Malam Mai-Lamba, ba a iya rage mishi cokalin ga?" Labbo kuma, da ya ga ya tsira, ya fara cewa a gode masa, shi ne injiniyan da ya gyara awon, da ya bar wa Nomau da masu tef da yanzu kunne ake ciyarwa ko wani abin. Yana cikin surutun ya miƙa hannu wajen tsokar nama guda da ke cikin miya. Sai ji muka yi ƙwas! Koshiya ta sauka a bayan hannunsa.

Nomau ya ce, "Wagga tau ce. Kai ka ci taka a hanya."

Na ce a ba ni karan in ajiye, sai na tuna yana nan a kanta tururuwa tana gadinsa. Shi ne wannan da kuka so ku zubar. Lambar da ke wuyansa daidai take, ba kuskure ko ɗaya, dama, ƙasa da gwiwa. In kun ga dama ku duba ta a kwamfutarku, za ta faɗa muku hakan, ba za ta ƙara komai ba.

Da na tashi tafiya, Nomau ya rako ni har wurin babur, da sauran tuwo a gemunsa. Na ɗaga masa hannu daga nesa yadda aka ce mini ana yi masa, don kada in sa shi jin nauyi. Sai ya ce, "A'a malam, tsaya." Ya matso kusa sosai, don abin ba ya kaiwa daga nesa, ya miƙo mini dama, da koshiyar da robar da komai.

Na kama na girgiza. Miyar kuka ta cika mini tafi har tsakanin yatsu. Ban goge ba sai da la'asar ta same ni a Ƙaura.